Cilakowar Kurmi: Rayuwarta da Abin da Ke Barazana Gare Ta

Akwai unguwanni a garin Kaduna waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su zama darasi a ilimin halittu. Kurmin Mashi da Kurmin Gwari a yau gidaje ne da shaguna da kwalta, amma kalmar da ke farkon sunayen nan tana tuna mana da wani abu. Bahaushe ba ya kiran kowane daji kurmi. Sai inda dogayen itatuwa suka haɗa kai suka yi duhuwa, galibi a bakin rafi ko cikin kwari, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima ko da tsakiyar rani. Irin wannan wuri yana da nasa tsirrai da nasa dabbobi, waɗanda ba su iya rayuwa a fili. Wannan darasi zai yi magana a kan ɗaya daga cikinsu, wato cilakowar kurmi, tare da 'yan'uwanta biyu da muka fi sani a ƙasar Hausa, domin ta hanyarsu ne za mu fi saurin fahimtar ta.

Dangin cilakowa

Masana sun ƙididdige nau'o'in wannan dangi kimanin 60 a duniya. Wajen rabinsu a Afirka suke, kudu da Hamadar Sahara, sauran kuma a kudancin Asiya da tsibiranta. Babu ko ɗaya a nahiyar Amurka. Tsuntsun nan mai ƙaton baki mai launi da ake gani a hotunan dazuzzukan Barazil kama kawai ya yi da su, ba danginsu ba ne.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, wadda kowa ya sani ita ce cilakowa. Iri biyu ce. Akwai mai jan baki, wadda ta fi yawa wajen Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, kuma ta fi son sauka ƙasa tana tonon ƙwari. Akwai kuma mai ruwan toka, wadda masana ke kira Lophoceros nasutus. Mazauna Barnawa da Narayi da sauran unguwannin kudancin Kogin Kaduna, inda ake da sauran manyan mangwaro da maɗaci da dalbejiya, suna iya ganin ta da safe. Tashinta ma ya isa a gane ta: takan kaɗa fikafikai 'yan sau kaɗan ta yi sama, sa'an nan ta sake jiki ta gangaro, kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, tana wani siririn fito. Babban wansu kuwa shi ne burtu, Bucorvus abyssinicus, baƙin tsuntsu mai tsayin kusan mita guda da nauyin kilo 4, wanda ke yini yana taku a fili yana neman fara da ƙadangare da ƙananan macizai. Maƙogwaron namiji ja ne da ɗan shuɗi, na mace kuwa shuɗi ne duka. Sai ya tashi ake ganin farin da ke bakin fikafikansa.

Cilakowar kurmi tana tsakanin waɗannan biyu wajen girma. Masana sun kasa manyan cikinsu gida biyu, Ceratogymna da Bycanistes. Mafi shahara a Afirka ta Yamma ita ce Ceratogymna elata, wadda za mu kira mai rawayan kwalkwali. Namiji yakan kai kilo 2, baƙi ne, yana da shuɗin leɓe a wuya da wani ƙaton tudu mai ruwan ƙwai a bisa baki. Kan mace ja-ja ne, tudunta kuma ƙarami. A Nijeriya ana samun ta a gandun daji na Okomu a Jihar Edo, da na Kuros Riba, da Gashaka-Gumti a Taraba. Wanda ya shiga irin waɗannan dazuzzuka yakan ji ta kafin ya gan ta, domin fikafikanta suna wani huci mai ƙarfi idan tana tafiya. Dalili shi ne ba ta da isasshen ƙananan gashin da ke rufe gindin dogayen gashin fiffike daga ƙasa, saboda haka iska takan ratsa ta tsakaninsu.

Wannan tudu na bisa baki, da muka kira kwalkwali, yana da ban mamaki. Duk girmansa ba shi da nauyi sosai, don cikinsa kusan holoƙo ne, an lulluɓe shi da sinadarin keratin, irin wanda ke yin farcenmu da ƙahon saniya. Masana suna ganin yana ƙara wa kuka amo, yana kuma nuna wa sauran tsuntsaye jinsi da shekarun mai shi. Duk da haka bakin kaya ne a kan wuya, shi ya sa gaɓoɓi biyu na farko na ƙashin wuyan wannan dangi suke manne da juna, abin da ya bambanta su da sauran tsuntsaye. Harshensu gajere ne, bai kai tsinin baki ba. Don haka idan cilakowa ta tsinki ɗan itace, sai ta cilla shi sama ta cafe da maƙogwaro. Suna kuma da gashin ido zara-zara, musamman burtu.

Zaman jego a cikin kogo

A nan ne rayuwar wannan tsuntsu ta sha bamban da ta kowa, kuma a nan ne ƙarfinta da rauninta suka haɗu.

Cilakowa ba ta saƙa sheƙa kamar kurciya, ba ta kuma iya fafe itace kamar maƙwaƙwafi. Dole ta sami kogon da ya riga ya samu. Kogo kuwa ba ya samuwa a sabon itace. Sai reshe ya karye, ruwa ya shiga ta wurin, fumfuna da gara su yi shekaru suna cin zuciyar itacen, kafin a sami ɗakin da tsuntsu zai iya shiga. Ƙaramar cilakowa tana iya maneji da kogon marke ko na tsamiya. Amma tsuntsu mai kilo 2 yana bukatar ɗaki mai faɗi, a can sama, a jikin itacen da ya yi shekaru aru-aru, irin su loko da rimi da manyan maɗaci. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Idan lokacin haihuwa ya zo, namiji da mace sukan zagaya suna leƙa koguna, shi yana kawo mata abinci yana ba ta a baki. In ta yarda da wuri, sai ta shiga ta fara toshe ƙofar daga ciki. Kayan gininta su ne laka, wadda namiji ke kawowa, da ɓawon 'ya'yan itace da kashinta. Tana daddaɓe su da gefen baki, kamar yadda magini ke yaɓe, har sai ƙofar ta rage 'yar tsaga a tsaye wadda tsinin baki kaɗai ke iya wucewa. Idan ginin ya bushe yakan yi tauri ƙwarai. Biri ko maciji ko guza da ya zo neman ƙwai zai tarar da bango, a tsakiyarsa kuma ga kaifin baki yana jiran sa.

Daga ranar nan, ita da abin da za ta haifa sun rataya a wuyan namiji. Shi ne mai cefane. Namijin ƙaramar cilakowa yakan kawo ƙwaro ɗaya ɗaya, ya yi ta safa da marwa tun safe har yamma. Na cilakowar kurmi kuwa yakan cika maƙogwaro da 'ya'yan itace, ya zo ya maƙale a bakin kogo, ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa ta tsagar. Macen ba ta fara ƙwai sai bayan 'yan kwanaki da rufe ƙofa, kuma tana yin su ne da tazara, saboda haka jikinta yana iya ajiye irin namiji na tsawon kwanaki har ta gama. A yawancin ƙananan nau'o'i, tana amfani da wannan zama ta zubar da dogayen gashin fikafikanta da na wutsiya gaba ɗaya, sababbi su fito. Wato akwai makonnin da ko an buɗe mata ƙofa ba za ta iya tashi ba. Ɗakin kuma ba ya ƙazanta, domin ita da 'ya'yan sukan juya baya su saita tsagar su feso kashi waje.

Cilakowa mai ruwan toka takan yi ƙwai 2 zuwa 4, ta yi kwanci na kimanin kwana 25. Idan 'ya'yan sun yi rabin girma, ɗaki ya yi kaɗan, abincin uba kuma bai isa ba, sai ta fasa ginin ta fito ta taya shi. Abin sha'awa, 'ya'yan da kansu suke sake toshe ƙofar, ba tare da wani ya koya musu ba. Manyan cilakowar kurmi kuwa ƙwai ɗaya ko biyu suke yi, yawanci ɗa guda ke rayuwa, uwar kuma tana iya zama a ciki har wajen wata huɗu, ta fito tare da ɗanta. Matanmu kwana arba'in suke yi na jego, su ma da dangi kewaye da su.

Burtu shi ne bai bi wannan al'ada ba. Yana haihuwa a babban kogon itace, kamar na kuka, ko a kogon dutse, amma ba ya toshe ƙofa. Ƙwai biyu macen ke yi, na biyun yakan ƙyanƙyashe bayan na fari da 'yan kwanaki, ya tarar wansa ya fi ƙarfinsa, ya mutu da yunwa. Ɗalibai sukan ga wannan kamar asara ce. A wurin masana kuwa, ƙwai na biyu tanadi ne: in na fari bai ƙyanƙyashe ba, shekarar ba ta tafi a banza ba.

Yanzu mai karatu ya yi tunanin maharbin da ya ga namijin cilakowar kurmi yana kai da komo a kan hanya guda kullum. Ba abin da ya fi shi sauƙin harbi. Maharbin zai koma gida da tsuntsu ɗaya a jaka, amma a can sama akwai uwa da ɗa a bayan bango, suna jiran cefanen da ba zai zo ba.

Manomin da ba ya riƙe fartanya

Me ya sa za mu damu da tsuntsun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba? Amsar tana cikin abincinsa.

Itace ba ya tafiya, amma dole 'ya'yansa su yi nisa da shi. A shekarun 1970 da 1971, masana biyu, Daniel Janzen da Joseph Connell, kowanne a nasa binciken, sun bayyana dalili. Ƙwari da cututtukan da suka saba da wani itace sun fi taruwa a gindinsa. Irin da ya faɗi nan yakan gamu da su, ga inuwar uwa ta hana shi rana, ga ɗaruruwan 'yan'uwansa suna gasar ruwa da shi. Wanda aka ɗauka aka kai nesa shi ke da rabon zama itace. Wasu itatuwa, kamar rimi da maɗaci, iska ce ke ɗaukar musu iri. Amma mafi yawan itatuwan kurmi dabbobi suke biya lada: su lulluɓe ƙwallo da tsoka mai zaƙi ko mai maiƙo, dabba ta haɗiye, ta je ta yar da ƙwallon a wani wuri.

Matsalar ita ce girman ƙwallo. Ƙananan tsuntsaye suna iya cin ɓaure, mai ƙananan iri kamar yashi. Amma a ɗauki atili, wanda ake sayarwa a kasuwannin Jos da Kafanchan, har ma da Kaduna idan lokacinsa ya yi. Duk wanda ya ci atili ya san ƙwallonsa dogo ne mai tauri. Tsuntsun da zai haɗiye shi ɗungurungum dole ya kasance mai faɗin maƙogwaro, kuma a kurmin Afirka manyan cilakowa suna kan gaba a wannan aiki. Haka kuma suke yi da kwakwar manja, wadda mai rawayan kwalkwali ke matuƙar so. Ba su fasa ƙwallo. Tsokar kawai suke narkarwa, ƙwallon su dawo da shi ta baki ko ya fita da kashi, lafiyarsa lau.

An auna wannan aiki a gandun daji na Dja da ke kudancin Kamaru, inda Thomas Smith da ɗalibansa suka yi shekaru suna bin waɗannan tsuntsaye. Sakamakon da aka buga a 1998 ya nuna nau'o'i uku kacal na cilakowar kurmi suna cin 'ya'yan kusan kashi 22 cikin ɗari na nau'o'in itatuwan da aka sani a wurin. A wani binciken da ya fito a shekarar 2000, an ɗaura wa tsuntsayen 'yar na'urar rediyo, an kuma auna tsawon lokacin da iri ke yi a cikinsu, daga ƙasa da sa'a guda zuwa fiye da sa'a 12. Da aka haɗa lissafin biyu, sai aka ga kimanin kashi 80 cikin ɗari na irin da suka haɗiye yana sauka ne fiye da mita 500 daga uwar itacen, wani ma har kusan kilomita 7. A 2002 kuma aka ba da rahoton wasu da suka yi tafiyar da ta kai kilomita 290 suna bin nunar 'ya'yan itace, nisan da ya fi na Kaduna zuwa Kano.

Wannan adadi na ƙarshe yana da muhimmanci ga masu tsara gandun daji. Tsuntsun da ke irin wannan tafiya ba za a tsare shi da shingen gandu guda ba. Yana bukatar kurmi nan, kurmi can, da zirin itatuwan bakin rafi da ke haɗa su. A dazuzzukan da aka ƙarar da giwaye da manyan birai, waɗanda su ma masu baza iri ne, nauyin ya ƙara komawa kan tsuntsaye. Daji yana iya tsayawa kore shar alhali an kashe masu shuka shi. Sai bayan shekaru hamsin, da tsofaffin itatuwa suka fara faɗuwa, za a ga babu na baya.

Kafin mu bar wannan sashe, ga wani abu don nishaɗi. A gandun Tayi na ƙasar Kwaddibuwa, wani bincike na 2004 ya gano mai rawayan kwalkwali tana fahimtar ihun wani biri da ke zaune tare da ita. Birin yana da ihu na gaggafa, yana da na damisa. Idan aka kunna mata na gaggafa, sai ta ɗauki kururuwa ta matso don ta ga abokin gaba. Na damisa kuwa ko a jikinta, don damisa ba ta kamun tsuntsun da ke ƙololuwar itace.

Kurmin da ya rage mana

Jihar Kaduna ba ƙasar kurmi ba ce, ƙasar doka ce da kaɗanya da ɗorawa. Sai dai a kudu maso gabas, a gindin tsaunukan Jos, iskar damina takan ci karo da duwatsu ta zubar da ruwa fiye da na kewaye. A nan ne ake da dazuzzukan Kagoro da Nindam, kusa da Kafanchan, waɗanda suke kamar tsibirin kurmin kudu a tsakiyar ƙasar ciyawa. A 1986 mujallar Malimbus ta buga jerin tsuntsayen Nindam, aka ga nau'o'in da ba a zaci samunsu a arewa haka ba, daga baya kuma aka sa yankin cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Nijeriya. Matsakaitan cilakowar kurmi masu baƙi da fari suna bin irin wannan ziri na kurmi har su iso nan. A ɗaya ɓangaren jihar, wajen Birnin Gwari, akwai gandun Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma yana cikin wuraren da aka san ana samun burtu. Rashin tsaron da ya addabi yankin shekaru da dama ya hana masu bincike shiga yadda ya kamata.

Abin da ke cin waɗannan wurare ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar kurmi tana da albarka, don haka manomi yana son ta. Mai katako kuma ba ya zaɓen ƙaramin itace. Wanda ya fi kauri da tsayi yake nema, wato daidai wanda ke da kogon da muka yi magana a kai. Zarton inji yana kayar da itacen shekara ɗari biyu kafin a gama shan shayi. Mu ma mazauna gari da hannunmu a ciki: buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin hanyar Kachia da ta Abuja ba daga sama suka faɗo ba, kuma a murhunanmu na Barnawa da Kakuri da Tudun Wada suke ƙarewa. Mun ga yadda kasuwar waje ta yi wa maɗobiya, wadda aka yi ta sara ana kai wa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya a 2017.

A ganina, a nan ne yawancin shirye-shiryenmu na dashen itatuwa suke kuskure wurin. Ana sare tsohon maɗaci, a dasa turare ko dalbejiya ɗari, a ce an mayar da gurbi har da riba. Ta fuskar inuwa da itacen girki wataƙila haka ne. Amma dashen bana ba zai yi kogon da babbar cilakowa za ta shiga ba sai bayan jikokinmu sun tsufa. Hatta mataccen itace da ke tsaye, wanda kowa ke ganin ba shi da amfani sai a murhu, sau da yawa gidan haya ne mai cike da 'yan haya.

Farauta da ciniki

Maharban Hausa sun daɗe da sanin burtu. Sukan ɗauki kansa, ko su sassaƙa irinsa da itace, su rufe da fata, wani lokaci su yi masa ado da idon zakara, su ɗaura a goshi. Maharbi sai ya lulluɓa da baƙin zane ya yi rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Barewa da gada sun saba ganin burtu a kusa da su ba ya cutar da su, don haka ba su gudu sai an zo dab. Wannan dabara shaida ce ta zurfin lura da halayen dabbobi, kuma ba ita ce ta ƙarar da burtu ba, don kai guda yana yi wa maharbi shekaru.

Abin da ya sauya shi ne kuɗi. Kawunan tsuntsaye sun zama haja a kasuwannin masu magani na Afirka ta Yamma, daga baya kuma aka sami masu saye daga ƙasashen waje ta intanet, masu tara ƙoƙon kai don ado. A watan Maris na 2025, jami'an kwastan na Nijeriya sun kama kaya a kan iyakar Mfum ta Jihar Kuros Riba, a ciki har da kawunan cilakowar kurmi fiye da ɗari. Asiya ta riga mu ganin inda wannan hanya ke kaiwa. A tsibiran Borniyo da Sumatara akwai wata babbar 'yar wannan dangi, Rhinoplax vigil, wadda ita kaɗai ce gaban kwalkwalinta yake a cike, ana sassaƙa shi kamar hauren giwa. An ƙiyasta cewa a 2013 an kashe kimanin 6,000 a lardi guda na Indunusiya. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa.

Don a gane abin da ya sa irin wannan kisa yake da muni, a kwatanta da zabuwar daji. Takan yi ƙwai goma ko fiye a damina guda, 'ya'yan kuma su haihu a shekara mai zuwa. In an harbi rabin garke, damina biyu ta isa su dawo. Burtu kuwa yana iya wuce shekara 40 a gidan zu, amma yakan yi shekaru kafin ya fara haihuwa, kuma ɗa guda yake renawa. A Afirka ta Kudu an lissafa cewa garken ɗan'uwansa na can yana yaye ɗa ɗaya ne a kimanin shekara 9. Halitta mai irin wannan tsari jarinta shi ne tsawon ran manya. In aka taɓa manyan, babu mai cike gurbi da wuri. Duk wanda ya girma a Kaduna ya ga misalin wannan da idonsa. Ungulu, mai ƙwai ɗaya a shekara, a da ba a rasa ta a kan rufin kowace mahauta. Yau yara da yawa a hoto kaɗai suka san ta. IUCN ta sa mai rawayan kwalkwali cikin masu fuskantar haɗari a 2012, burtu kuma a 2018.

Dokoki akwai su. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta kuma kafa dokarta ta cikin gida a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. A taron CITES na ƙarshen 2025 a birnin Samarkand na Uzbekistan, bisa shawarar wasu ƙasashen Afirka da suka haɗa da Nijeriya da Nijar da Kamaru, an amince a sa Ceratogymna da Bycanistes cikin rukuni na biyu, wato ba a fitar da su ko sassan jikinsu sai da takardar izini. Mataki ne mai kyau, sai dai takarda tana aiki ne a tashar jirgi da kan iyaka. Ba ta tsaye a gindin itace.

Waɗanda suka yi nasara a wasu ƙasashe daga gindin itacen suka fara. A kudancin Tailan, Farfesa Pilai Poonswad ta je wurin mutanen da ke satar 'ya'yan cilakowa suna sayarwa, tun daga 1994, ta mayar da su masu gadin sheƙa da albashi, tun da ba wanda ya fi su sanin inda kogunan suke. A arewa maso gabashin Indiya, ƙabilar Nyishi suna ɗaura bakin cilakowa a hular gargajiya. Maimakon a hana su al'adarsu, sai aka ƙera musu na roba, da yawa suka karɓa. A Afirka ta Kudu, shirin Mabula da aka fara a 1999 yana ɗauke ɗan burtu na biyu, wanda dama mutuwa zai yi, a rene shi a sake shi daji, ana kuma rataya manyan akwatuna a madadin kogo. Mu da maharbanmu suka daɗe da iya sassaƙa kan burtu da itace, darasin Indiya ba baƙo ba ne a wurinmu.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Malami yana iya raba aji gida-gida, kowane rukuni ya ɗauki igiyar awo ya zagaya harabar makaranta ko wani yanki na unguwa. A auna kaurin kowane itace a daidai tsayin ƙirji, a rubuta sunansa, a duba ko yana da kogo da kuma abin da ke zaune a ciki. Idan aka zana sakamakon a allo, kauri a gefe ɗaya, yawan koguna a ɗayan, ɗalibai za su ga da kansu daga wane girma ne itace ke fara zama gida.

Wanda ya ga cilakowa tana yawan sauka a wuri guda da ƙwaro a baki, gab da damina ko cikinta, to ya sami sheƙa. Kada a hau, kada a taɓa ginin, kada kuma a nuna wa masu danƙo. A zauna nesa da agogo, a ƙirga sau nawa namiji ke zuwa cikin sa'a guda, da safe da kuma da rana. Bayan tsuntsayen sun tashi, a tattara ƙwallayen da ke gindin itacen, a shuka su a gwangwani, a ga abin da zai tsiro. Makarantun da ke son abin da suka gani ya shiga lissafin ƙasa suna iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda tun 2015 take tattara bayanan masu sa-kai don zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. Abin da ake bukata shi ne sunan tsuntsu, da wurin da aka gan shi, da kwanan wata.